Masaukin Baƙi a Daura: Kada Gadon Ayana Ya Salwanta

Labarin Bayajida ya nuna cewa kafin ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana ya sauka. Ke nan saukar baƙo a gidan iyali tsohuwar al'ada ce a Daura. A zamanin fatauci kuwa ta zama sana'a: fatoma ke saukar da fatake, ya adana kayansu, ɗansa ya gaji gidan da amanar.

A yau baƙi na kwarara Daura lokacin Sallar Gani, ga masu ziyarar Kusugu, ga kuma iyayen ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019. Abin takaici, sau da yawa masaukin da mutum ya gina da guminsa yakan rufe da zarar ya rasu, domin magada sun gwammace a sayar a raba.

Muna kira ga magada da su bar masauki a tsaye, su riƙa raba riba gwargwadon rabon kowa a shari'a. Masarauta kuma ta sasanta su tun kafin rigima ta kai kotu. Baƙon da ya sha ruwan Kusugu ya tafi Katsina kwana, can ya bar kuɗinsa.