Kunya Ta Fi Ƙwari Cin Hatsi

Ƙwarin da ke shiga buhu mun san maganinsu, amma akwai ɓarnar da ba mu faɗa wa juna, watau kunyar cewa babu.

Tun daga Funtua har Dandume, Bakori da Malumfashi, halin ɗaya ne. Suruki ko abokin makarantar allo ya zo da marka ya ce, "Alhaji, a ba ni buhu 2, sai kaka." Zuciya tana cewa a'a, baki ya riga ya ce to. Me ya sa? Don kada a ce wane ya sami duniya ya manta mutane.

Mun ga sakamakon. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, mun ba da masara bashi ba rubutu ba shaida. Aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin mota ya hau, kafin 2024 farashin buhu ya ninka har ya wuce. Wanda ya biya, tsohon farashi ya kawo, kuɗin da ba su sayen rabin buhu.

Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Kai mai kaya kai ke kwana ba barci kana lissafi. Kai ke sauya hanya don kada ku haɗu ya ji nauyi, alhali shi barcinsa yake sha. Fushin da ka haɗiye a rumfa, uwargida da yara ne ke shan sa da dare, su da ba su ci maka ko tiya ba. Zumuncin da aka ji tsoron ɓatawa kuwa, ya ɓaci dai; har gaisuwar masallaci ta zama ta ciki-ciki.

Mu da muka yi karatu ma ba mu da hujja. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ashe neman a rubuta ba rashin mutunci ba ne.

Bana a rumfarmu mun ware buhu guda na kyauta. Mabukaci ya zo, a auna masa tiya 2 ko 3, ba a bin sa komai. Sauran kaya jari ne, mai son bashi ya zo da shaidu a rubuta. Mutum biyu sun yi fushi. Ɗaya ya dawo ranar kasuwa da kuɗinsa a hannu, ɗayan har yanzu yana wuce mu.