Ɗan Maraɗi Baƙo Ne a Ƙaura?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa tun da Edita ya ba ni fili a wannan mujalla tamu, sai na amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji. Maganar ita ce ta shirin share fage da manyan makarantunmu kan yi wa ɗaliban da ake kira wai 'yan ƙasashen waje, da kuma irin mutanen da akan damƙa wa ragamar shirin. A wannan yanki namu na arewacin Zamfara, in an ce ɗalibin ƙasar waje, kada mai karatu ya zaci wani Bature ne ko Basine. Ɗan Maraɗi ne, ko ɗan Tsibiri, ko Madarunfa, ko Gidan Rumji, wanda ya ƙetaro iyaka neman ilmi.

To, tun yaushe wannan bawan Allah ya zama baƙo? Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗa hannun masu jihadi a 1808, kangonsa na nan arewa da Shinkafi, Gobirawan da suka bar shi kuwa su ne daga baya suka kafa Tsibiri, kamar yadda Katsinawan da suka bar Katsina suka zauna Maraɗi. Iyakar da ta raba mu Ingila da Faransa ne suka shata ta a takarda cikin 1898, suka sake gyara ta a 1904 da 1906, ba wanda ya nemi shawarar kakanninmu. Duk da haka fataken can ba su fasa cin kasuwar Alhamis ta Shinkafi ba, auratayya kuma ba ta yanke ba tsakanin ƙauyukan ƙasar Zurmi da na ƙetaren iyaka. Kai, ko a bakin magana, mutumin Zurmi da ke cewa "lahiya lau" da "ina zuwa in tahi" ya fi kusa da Bamaraɗe bisa ga Bakano.

Abu guda ne ya bambanta mu, wato boko. Shi lakwal ya yi, mu makaranta. Malaminsa mushe, namu ticha. Shi Faransanci aka ɗura masa, mu Turancin Ingilishi. Kafin ya sami takardar bakaloriya sai ya shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise, jimla 13 ke nan, alhali kuwa ɗan Nijeriya 12 yake yi ya fuskanci jarrabawar WAEC ko NECO. Ashe ke nan yaron nan ba jahili ba ne. Lissafinsa da kimiyyarsa na nan cikin ƙwaƙwalwarsa, harshe kurum ya tsaya masa a maƙogwaro.

Amma me ake yi masa in ya zo? Sai a haɗa shi aji guda da yaranmu da suka faɗi jarrabawar Ingilishi suka zo gyara, a ce wai duk share fage ne. Wannan kuwa haɗa mai zazzaɓi da mai karaya ne a ba su magani guda. Yaronmu ya shekara 12 yana jin Ingilishi, nahawu da rubutu ne suka kayar da shi. Ɗan Maraɗi kuwa ya san yadda ake tsara muƙala da kafa hujja, kalmomin ne babu. Na zauna da wani irinsu a wata makaranta da ba sai na ambaci sunanta ba. Malami ya rubuta tambayar lissafi a allo, ya yi ta bayani da Ingilishi har rabin sa'a, yaron nan ya yi zuru. Da na raɗa masa abin da ake nema da Hausa, kafin in rufe baki ya warware ta, ya riga kowa a ajin. A ƙarshen zango kuwa aka rubuta masa sakamakon mai rauni. Don Allah wa ke da rauni a nan, ɗalibin ko shirin?

Laifin, a ganina, yana wuyan masu kula da shirin ne da waɗanda suka naɗa su. Sau da yawa akan ɗauki kujerar tamkar wata ganima, a ba wanda ake son a saka wa, ko da bai san bambancin takardar BEPC da bakaloriya ba, bai taɓa taka Maraɗi ba, bai kuma iya gaisuwa da Faransanci ba. Shirin kansa an mai da shi saniyar tatsa: a karɓi kuɗin rajista, a tara yara a ɗaki, a kawo malaman wucin gadi da ba a biyansu kan kari, shekara ta zagayo a sake ɗiban wasu. Ka tambayi mai kula da shirin, cikin waɗanda ka ɗauka bara nawa suka shiga aji na gaba, nawa suka koma gida hannu rabbana? Sai ya shiga kame-kame. Makiyayin da bai san yawan garkensa ba, ina zai san kura ta yi masa ɓarna?

Kada a ce ba mu da abin koyi. 'Yan'uwanmu da ke tafiya Jami'ar Musulunci ta Madina, wanda Larabcinsa bai nuna ba akan fara ajiye shi a cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, sai ya ƙware sa'an nan ya shiga kulliya. Mu kanmu muna da Ƙauyen Faransanci a Badagiri tun 1991, inda ɗalibanmu masu nazarin Faransanci kan je su jiƙu da harshen. Jami'ar Ahmadu Bello kuma tun 1976 take gudanar da shirin IJMB, mai share wa ɗalibi fagen shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Ashe dabarar ba baƙuwa ba ce, niyya ce ta yi ƙaranci.

Na san masu ja da ni ba za su rasa ta cewa ba. Wasu za su ce Ingilishi ne harshen koyarwa, in aka sa Hausa a ciki yaran ba za su iya ba. Ni ban ce a jefar da Ingilishi ba. Cewa na yi mai hawa soro da tsani yake hawa, Hausa kuwa ita ce tsanin da ke jingine tsakanin Faransancinsa da Ingilishinmu. Kayan aiki ma akwai: tun 1980 masana suka taru a Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, a 1990 kuma aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Wasu kuma za su ce ai Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, me ya yi mana zafi? To, su sani a cikin wannan shekarar ce dai, a watan Maris, Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Wato buƙatar Ingilishi a can ƙaruwa za ta yi, in ba mu koyar da su ba wani zai koyar. Tun 2013 ma akwai jami'a mai zaman kanta a Maraɗi, mai sunan Maryam Abacha, wadda ke koyarwa da harsunan biyu, 'ya'yanmu ne kuma suka riƙa tururuwa can.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsaro, ba na kuma musun ta. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi zuwa Jibiya kowa ya san halin da 'yan bindiga suka jefa su, ba mu kuma manta da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Sabon Gida cikin Satumbar 2023 ba. Amma wannan ai ƙarin nauyi ne a kan mai kula da shiri, domin yaron da ba shi da dangi a gari shi ya fi cancanta a ba shi ɗaki cikin makaranta, a san ranar tafiyarsa da ta dawowarsa, a tsaya masa kan takardun iyaka.

Saboda haka ga kirana. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Gusau ta 2013, su ne mafi dacewa da su kafa wa maƙwabtanmu shiri na musamman, su ƙulla zumunta da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. A naɗa masa shugaba wanda ya san tsarin karatun ƙasashen biyu. A auna kowane ɗalibi ranar da ya zo, a rarrabe gwajin harshe da na fanni. A ɗauki malamai masu Hausa da Faransanci, mu ɗaliban Hausa kuma a sa mu aikin tattara kalmomin fannoni cikin harsuna uku. Kuɗin da aka karɓa ya koma kan littattafai da ɗakin kwana da albashin malamai. Kowace shekara shugaban ya fito da lissafin waɗanda suka shiga da waɗanda suka haye, in ya gaza a ba wani.

Ƙaura garin da jirgin ƙasa ya tsaya ne tun 1929, ta saba da karɓar baƙi da kayansu. Abin kunya ne ta kasa karɓar ɗan'uwa da littafinsa. Ku kuma 'yan ƙungiyarmu, kada mu tsaya ga wasan kwaikwayo da kacici-kacici a makon Hausa, mu kai wannan kuka gaban hukumomin makarantunmu a rubuce. Allah Ya sa a ji, Ya kuma zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin. Haza wasalam.