Sharhi: A San Abin Da Ke Cikin Harawa Kafin A Zuba Wa Sa

 Sharhinmu na yau a kan abincin shanun turka ne.

Da zarar kaka ta wuce, za ka ga harawar wake da ta gyaɗa jibge a kan rufin ɗakuna da rassan bishiyoyi, ga kara, ga gamba da kyasuwa. Idan rani ya tsananta, mai kiwo ya shiga kasuwa, girman dami kawai yake kallo ya taya. Alhali Bahaushe ya ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Masana kiwo sun tabbatar cewa idan sinadarin furotin mai gina jiki ya gaza kashi 7 cikin 100 a abincin sa, ƙananan halittun da ke narka masa ciyawa a tumbi sai su raunana. Zai yi ta tuƙa, ciki ya cika, amma tozo ya ƙi tashi. Ciyawar da ta tsufa ta bushe a tsaye, furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 5, ita kuwa harawar wake da aka adana da ganyenta takan kai kashi 12, har ta wuce.

Gwajin farko yana hannunka, malam makiyayi. Kwance damin, ka leƙa tsakiyarsa. Da sauran kore a jikinsa? Ganye ne ya fi yawa ko zallar karare? Sa hanci ka shaƙa. In ka ji warin fumfuna, bar shi, domin harawar gyaɗa da ta ruɓe tana iya ɗaukar gubar aflatoksin.

Sai dai ido ba ya ƙirga furotin, wannan aikin ɗakin gwaji ne. Muna da Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma tsangayoyin aikin gona na jami'o'inmu. A tsakuro kaɗan-kaɗan daga dammuna daban-daban, a gauraya, a kai. Sakamakon ne zai nuna yawan dusa ko ƙuli-ƙuli da ya kamata a ƙara, kada a yi ta zuba kuɗi da ka.

Muna kira ga ƙungiyoyin masu turka su haɗa kuɗi su riƙa yin gwajin tare. Gwamnatocin jihohi kuma su kusanto da shi manyan kasuwannin shanu irin su Wudil da Maigatari da Potiskum, malaman gona su riƙa yi wa makiyaya bayanin sakamakon da harshen da suke ji. Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka.