Wayarka lafiyarta ƙalau, ka daina biyan kuɗin filashin

1/ Jama'ar Bungudu, Tsafe da Gusau, ku matso. Akwai kuɗin da ake karɓe wa mutanenmu na ƙauye da sunan gyaran waya. Mutum ya taso daga Kekun Waje, ya biya kuɗin mota, kira ya ƙi fita ko WhatsApp ya ƙi shiga, mai shago ya juya wayar sau biyu ya ce "Baba, sai an yi filashin." Haba Malam!

2/ Kafin ka miƙa wa kowa wayarka, cire layinka ka sa a wayar maƙwabcinka, ka sa nasa a taka. In nasa ya yi aiki a wayarka, to wayar ba ta da laifi, layinka ne. In duk unguwa babu mai sabis, ƙarfen sabis ne ya mutu, kuma babu mai gyaran da zai tayar da shi daga kan benci a Gusau.

3/ In ana kiranka yana shigowa amma kai ba ka iya kira, alhali da kati a ciki, fara zargin NIN. Haka aka yi ranar 4 ga Afrilun 2022, aka toshe kiran duk layin da ba a haɗa ba. Danna *996# ka duba. In lambar NIN ɗin ce ta ɓace maka, *346#.

4/ Ga inda abin ya fi ƙona min rai. Filashin yana goge komai, har da WhatsApp. In za ka sake rajista sai an turo maka lamba shida ta tes ko ta kira, a kan layin nan dai da ba ya karɓar komai. Da, ko da wayfay ɗin wani kana jin muryar ɗanka da ke Legas. Yanzu ba layi, ba WhatsApp, ba hotuna, lambobin 'yan uwa sun tafi, kuma kai ka biya aka yi maka haka.

5/ Wani lokacin ma kwanan watan wayar ne ya karkace bayan batir ya mutu. Gyaran minti ɗaya ne, kyauta.

6/ Na san masu gyara za su cika min nan da cewa ana ɓata musu sana'a. Akwai na kirki, mun san su, su ne ke cewa "koma gida, ba daga wayar ba ne." Da sauran nake.

7/ Amma mai shago ƙaramin alhaki ne. Kun tuna 3 ga Satumban 2021? NCC ta ba da umarnin kashe sabis a duk Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Matawalle, aka ce mako biyu. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, ƙauyuka suka yi ta jira har ƙarshen Nuwamba. Masu gudu Funtua don kira ɗaya, can ma aka bi aka kashe. Ranar da aka so kashewa, takarda ɗaya ta isa kowane ƙarfe ya yi shiru. To me ya sa in ƙarfe ya mutu da kansa sai a rasa mai magana?

8/ Za a ce matsalar tsaro ce, motar dizal ba ta iya shiga daji. Mun ji, mu ke zaune a ciki. Amma a Janairun 2025 an amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50, ba a ware masu harafin E a saman waya an ce su biya rabi ba. Kiran WhatsApp a kan E kuwa "hello, kana ji na?" ne har datar ta ƙare. Kuma datar wata ba ta tsayawa ta jira sabis ya dawo.

9/ A nan waya ba ado ba ce. Da ita ake cewa kada a bi hanya kaza yau, da ita ake neman mota in haihuwa ta zo da gardama cikin dare.

10/ Ka fara kai ƙara wurin kamfaninka, ka riƙe lambar ƙorafin da suka ba ka. In shiru, kira 622, layin NCC ne, kyauta. Ka faɗi sunan gari da ranar da sabis ya ɗauke. Masu zuwa Gusau ran kasuwa, ku kira a madadin na gida, kuma ku rubuto sunan ƙauyenku a ƙasa mu tara mu aika wa 'yan majalisarmu.