Kada Kuɗin Fasfo Ya Hana Ɗan Talaka Neman Ilmi

Sau da yawa akan sami yaro ɗan shekara 17 ko 18, ya sauke Alƙur'ani, ya gama sakandare, har Allah Ya ba shi gurbin karatu kyauta a Azhar ta Masar ko Jami'ar Musulunci ta Madina, amma gurbin ya suɓuce masa. Kafin ya hau jirgi sai an yi fasfo, an yi gwajin lafiya, an fassara takardunsa zuwa Larabci, an kai su Abuja an buga hatimi. Uban da ke fafutukar cefane ina zai samo waɗannan kuɗi? Balle tun da aka karya darajar Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga wajen N460 ta haura N1,000.

Wannan nauyi ne a wuyan al'umma. Ya kamata 'yan'uwa matasa na kowane masallaci su buɗe asusu, kowa ya riƙa jefa abin da ya sawwaƙa bayan sallar Juma'a. A naɗa amintattu biyu su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a. A fifita maraya da ɗan talaka a kan ɗan wane. Yaron da aka tallafa yau shi zai dawo ya karantar da ƙannensu a Islamiyya.

Allah Ya ba da iko, amin.