Waya Ba Ta Cin Hanci

Kwanakin baya ƙanena ya kammala ginin gidansa a Kiru, amma da mai duba aikin lantarki ya zo sai ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne an ja soket-soket na gidan da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, wadda aka tanada domin fitilu, maimakon mai 2.5, sannan aka ɗora mata makatsin wuta, wato bureka, na amfiya 32. Abokai suka ba shi shawarar ya ga mutumin a bayan fage. Ni kuwa na ce masa mai duba aiki yana iya kau da kai, amma waya ba ta cin hanci.

Ni ba injiniya ba ne, malamin ilmin halittu ne, sai dai jikin ɗan Adam ya ishe mu misali. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana da faɗi ne saboda yawan jinin da take ɗauka. Idan hanya ta ƙuntata, wahala ta samu. Haka waya take. Gwargwadon sirantarta, gwargwadon turjiyar da take yi wa lantarki, turjiyar nan kuwa zafi take zama. Tun wajen 1841 James Joule na Ingila ya nuna cewa idan lantarkin da ke bin waya ya ninka biyu, zafin yakan ninka huɗu.

Bari mu yi lissafi. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. Hitar dafa ruwa mai wat 3,000 tana jan amfiya 13, dutsen guga mai wat 1,000 kuma fiye da 4. Siririyar wayar da aka binne a bango abin da take ɗauka lafiya bai wuce kimanin amfiya 15 ba, shi ma a lissafin yanayi mai digiri 30, alhali bazararmu takan haura 40. Robar da ke lulluɓe da wayar digiri 70 aka yi ta ta jure. In ana yawan wuce haka sai ta bushe, ta tsattsage, wata rana ta yi tartsatsi cikin silin.

Babban haɗarin shi ne burekar ba za ta faɗi ba, domin ba a kai amfiya 32 ba. Ciwon kuturta yakan kashe jijiyoyin ji, har mutum ya riƙe abu mai zafi bai sani ba. Gida mai babbar bureka da siririyar waya haka yake: yana ƙuna, ba ya ji. A tuna kuma da sanyin hunturu a Tudun Wada da Doguwa, lokacin da ake kunna hita da asuba, ga katakon rufi ya bushe ƙayau.

To, mene ne abin yi? Magani na gaskiya shi ne a zare wayar a sa mai 2.5 ta jan ƙarfe zalla. In an bi da ita ta cikin bututu, aikin ba ya bukatar fasa bango. A kankare bakinta kafin a saya, domin akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe. Wanda ba shi da hali yanzu, ya sa ƙwararre ya mayar da burekar ta amfiya 10, ya kuma haƙura da hita da dutsen guga a wannan layi. Kada kuma a ɗaure fis da zaren waya. Bayan gyara a nemi a sake dubawa.

Tun 2015 doka ta ɗora wa hukumar NEMSA alhakin duba irin waɗannan ayyuka. Ra'ayina shi ne masu gini daga Bebeji har Riruwai su riƙa kiran mai dubawa kafin a yi filasta, su kuma rubuta kaurin waya cikin yarjejeniyarsu da mai aiki. Araha ba ta ado, balle a ɗakin da yara ke barci.

Ƙanena dai ya sayar da raguna biyu ya sauya wayar. Allah Ya tsare mu daga gobara, amin.