Kafin Ka Ɗaga Bulala

'Yan uwa, a sukuwar Sallah a Goronyo, in doki ya sare ana tsakiyar gudu, sai mu ce ragwanci ne, mu ƙara masa bulala. Ni dai zalunci nake gani. Zuciyar doki tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti in yana hutawa, a sukuwa kuwa ta haura 200. Yawan horo yana ƙara mata girma, babbar zuciya kuma ta fi saurin rikicewar bugu. Wani ƙarfinsa ya ƙare, wani ma ya faɗi matacce.

Bayan gudu, dafa ƙirjinsa bayan ƙafar gaba ta hagu. In bugun ya ƙi daidaita, kai shi asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Sirdi ya jira.